TAMBAYA DA AMSA: Rumbun waƙa a gida ko sauraro kai tsaye ta intanet?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk kan kayan sauti ne, na zaɓi guda huɗu, waɗanda basu ga nasu ba suyi haƙuri dan Allah, wasu tambayoyin amsarsu tana cikin ta farko in an karanta a natse.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na sayo ampili da bafil guda biyu manya daga Duwala na saka a falo, kuɗi sun tafi ba kaɗan ba. Yanzu ɗana dake karatu a jami'ar Ngaundere yace wai in haɗa abinda ake kira saba, ƙaramar kwamfuta da za'a zuba duk waƙoƙina a ciki, shi kuma abokina yace ɓarnar kuɗi ne kawai in biya Spotify ko Deezer duk wata in huta. To wanne yafi daɗin sauti, kuma wanne yafi dacewa da mutum irina da bai iya kwamfuta sosai ba? Daga wani Alhaji, Garwa.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya sanya alheri a sabbin kaya. Ɗanka da abokinka duk basu yi ƙarya ba, kowa dai ya faɗi rabin magana ne ya ɓoye rabi.

Saba ba wani abin tsoro bane, rumbu ne. Kamar yadda manomi ke zuba dawarsa a rumbu ya riƙa ɗiba duk shekara, haka zaka tara waƙoƙinka a disk guda cikin gida, wayarka da ampili da talabijin duk su riƙa ɗiba daga nan ta wifi na gidan. Shi kuma sitirimin, wato sauraro ta intanet irin na Spotify da Deezer, awon kwano ne, kullum sai an je kasuwa, waƙar tana can a kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, duk lokacin da ka danna sai ta biyo intanet tazo, ka ji, ta wuce. Gobe in kana so sai an sake awo. Mai awo yana da daɗinsa fa, baya fama da gara ko ɓera, kuma abinda ransa keso ranar shi zai sayo. Amma ranar da kasuwa bata ci ba gidansa ba'a ɗora tukunya.

Maganar sauti kuwa bari in faɗa maka gaskiya ko da masu sayar da kaya zasu ji haushina: in fayil ɗin iri ɗaya ne, sautin ma ɗaya ne, ko daga disk ɗin ɗakinka ya fito ko daga Suwidin, ƙasar kamfanin Spotify. Lambobi ne ake turowa, kuma na'urar dake juya lambobin su zama sauti, wadda ake kira DAC, bata tambayar daga ina suka taso. Inda bambanci yake shine nauyin fayil ɗin. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗauke da kilobit 1411 a kowace daƙiƙa, wajen mega 10 kenan a minti ɗaya. MP3 kuwa matse waƙar akeyi a zubar da wani sashe da ake ganin kunne bazai lura ba, mafi kyansa 320 ne, waɗanda ke yawo a wayoyinmu da yawa 128 ne ko ƙasa da haka. Sai FLAC, shi yana matsewa amma baya zubar da komai, yakan rage nauyin CD kusan rabi. To kaga saba cike da MP3 ɗin 128 bazata taɓa kai Deezer ko Apple Music dake turo ingancin CD ba, haka kuma Spotify da aka bari a kan 96 saboda tsimin data bazai kai FLAC ɗin dake disk ɗinka ba. Abinda aka zuba a tukunya shi ake kwashewa.

Kuma Alhaji tsakani da Allah, tsakanin 320 da FLAC mutane ƙalilan ne zasu iya bambancewa in aka rufe musu ido, balle a falo mai tayil da bango tsirara, fanka na juyawa a sama, janareton maƙwabci na ruri ta taga. Ka shimfiɗa kafet, ka sa labule mai kauri, ka janye bafil ɗin daga jikin bango kamar taku biyu ka juyo dasu suna kallon kujerar da kake zama, wlh canjin da zaka ji yafi na duk wata saba ta miliyan da za'a tallata maka.

Don haka ni a wajena tambayar ba ta sauti bace, ta rezo ce, wato sabis ɗin intanet, da aljihu da kuma wa ke da waƙar.

Muyi lissafi. A kan 320, awa ɗaya tana cin mega 144. In kana ji awa uku kullum bayan la'asar, a wata ka cinye wajen giga 13. In kace sai ingancin CD, awa ɗaya zata ci mega 300 zuwa 400, kusan giga ɗaya a rana kenan, a wata wajen 30. Yanzu ka duba a wayarka nawa forfe na giga 30 yake a MTN ko Orange ko Camtel, ka ɗora kuɗin wata na manhajar a kai, ka ninka sau 12. Abokin naka wannan lissafin ne bai yi maka ba. Kuma abin haushin, mu manya waƙoƙin da muke ji basu wuce ɗari biyu ɗari uku ba, su muke ta maimaitawa, wato kullum kana biyan kuɗin dakon kaya ɗaya.

Zai ce maka ai ana saukewa a waya aji ba intanet. Gaskiya ne, Spotify na barin mai biya ya sauke har waƙa 10,000 a na'ura ɗaya, amma a kulle suke cikin manhajar, bazaka iya kwafe su zuwa kile, wato filashin USB, ba, kuma dole ka leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 in ba haka ba su ɓace. Ranar da ka daina biya kuma shikenan, ko shekara goma kayi kana biya baka da ko waƙa ɗaya. Haya ce. Wani lokacin ma kana biyan waƙar zata dushe a jerinka saboda yarjejeniyar kamfanin da mai waƙar ta ƙare, ba wanda zai yi maka sallama.

Sannan intanet ɗin namu mun san halinsa. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace ta wajen Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka har da mu nan Kamaru sai da muka ji a jikinmu. A 2017 yankuna biyu masu turancin Ingilishi sun yi wajen wata uku ba intanet. Wannan manya kenan, ƙananan na kullum kuwa basu ƙirguwa. Naje wani suna kwanaki, an kawo bafil ƙato an jona da wayar wani yaro, mata sun shiga fili rawa ta ɗau zafi, sai waƙa ta tsaya cak, ɗan da'irar nan na ta juyawa a fuskar waya, yaro ya ɗaga ta sama yana zagaye tsakar gida yana neman rezo kamar mai kiran kaji, da ta dawo kuma sai talla ta fara shigowa da ƙarfi saboda na kyauta yake amfani dashi. Wata tsohuwa tace kai ɗan nan ina ma laifin kaset.

Ga kuma babbar magana, abinda kunnenka ya saba dashi yana can kuwa? Spotify an fara shi a Suwidin a 2008, bai iso Kamaru da Chadi ba sai 2021. Deezer na Faransa ne, Boomplay ya fara a Najeriya a 2015 kuma shi da Audiomack sun fi tara waƙoƙin Hausa na zamani. Amma tsofaffin kiɗan kalangu da goge da kukuma, waƙoƙin fada na lamidai, ƙasidun da aka ɗauka a zawiya, tafsirin malamin unguwarku na azumin shekaru ashirin da suka wuce, mafi yawansu ba kamfanin da ya taɓa jin labarinsu. Waɗannan in baka adana da hannunka ba babu mai adana maka.

To amma kar ɗanka yayi murna da wuri, rumbu ma yana da gara. Na farko kuran, wato wutar lantarki. Wutar arewacin Kamaru gaba ɗaya ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo dake kan Binuwai, mai megawat 72, in ruwa yaja baya a rani kowa ya san abinda ke biyowa, duk da tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun ɗan rage zafi. Disk mai juyawa baya son a yanke masa wuta yana tsakiyar aiki, ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da samari ke so ma katin memorinta yakan lalace in wuta na yawan ɗaukewa ba sallama. Na biyu zafi da ƙura, a Garwa watan Maris da Afrilu ana haura digiri 40, in ka kulle na'ura cikin kabad ƙarƙashin talabijin dafa ta kakeyi. Na uku kuma wanda ba'a faɗa, aiki. Waƙa dubu biyar da sunayensu Track 01, Track 01 kwafi, AUD-WA0007, ba sunan mawaƙi ba shekara, wannan ba rumbu bane juji ne, sai an zauna da manhaja irin Mp3tag an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗan naka hutu na ƙarewa zai koma Ngaundere ya barka da abin.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekara kusan shida ina tara waƙoƙi a disk guda ɗaya tak, wata rana da azahar wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, da na kunna sai naji yana ƙas, ƙas, ƙas kamar agogon bango. Na kai wa mai gyara ya kara a kunne ya girgiza kai ya miƙo min. A ciki harda muryar kakata tana waƙar daka da na ɗauka da waya kafin ta rasu, Allah ya jiƙanta. Waƙoƙin kasuwa na sake tarawa, wannan kuwa har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shawarata Alhaji, kar ka sayi komai tukuna. Juya bayan ampili ɗin ko gabansa ka duba ko akwai ramin USB. In akwai, sayi kile mai giga 128 na gaske a shagon da ka yarda dashi, don jabu sun cika kasuwa, zai ɗauki sama da awa 800 na MP3 mai 320, ko kullum awa biyu kake ji sai ka shekara baka maimaita ba. A tsara shi da FAT32 don yawancin ampili shi suka fi ganewa. Wannan ma saba ce a wajena, ta talaka, ba ruwanta da rezo. In daga baya kaga kana so ɗakin Hajiya da na yara da shago kowa ya riƙa ɗiba daga wuri ɗaya, lokacin sai yaron ya haɗa maka ta sosai. Sitirimin kuma ka barshi a waya don jin sababbi, wadda ta kwanta maka a rai ka nemi hanyar sayenta ta shiga rumbu.

TAMBAYA: Yaya ina biyan manhaja mai ingancin CD, data na ƙarewa kamar ruwa a kwando amma ni banji wani bambanci ba a bafil ɗina na Bluetooth. Ko kunnena ne? Kuma wani yace in juya MP3 ɗina su koma FLAC zasu ƙara kyau. Daga ƙaninka ɗalibi, Njamena.

AMSA: Ƙanena kunnenka lafiyarsa ƙalau, kuɗinka ne ke ciwo. Bluetooth ƙaramar hanya ce, bata ɗaukar ingancin CD yadda yake, sai wayar ta sake matse waƙar kafin ta tura. Tsarin da kowace na'ura ke dashi, SBC, iyakarsa wajen 328 ne, iPhone kuma AAC yake amfani dashi, ko LDAC na Sony da ake yabo iyakarsa 990 kuma sai wayar da bafil ɗin duk sun san shi. Wato ka biya kuɗin dakon tanka guda na ruwa sannan ka zuba ta mazurari. Shiga saitin manhajar ka mayar da ita 160, awa ɗaya mega 72 kacal, in zaka sauke waƙoƙi ka bari sai ka samu wifi ko forfe na dare in layinka na dashi. Ku da intanet ɗinku ke biyowa ta Kamaru ko Sudan kafin ya iso, kun fi kowa sanin darajar mega.

In kana son jin bambancin da gaske sai ka jona bafil ɗin da kebul, ko ka samu na'ura mai wifi irin masu Spotify Connect, ita da kanta take jawo waƙar wayarka ta zama rimot kawai, ko an kira ka waƙa bata yankewa.

Juya MP3 zuwa FLAC kuwa, wanda ya faɗa maka ya sake tunani. Abinda aka zubar an zubar, fayil ɗin zai kumbura ya cinye maka wuri sautin na nan yadda yake, kamar ka juye kwano ɗaya na gero a babban buhu ne kace ya ƙaru.

TAMBAYA: Malam mahaifinmu ya rasu ya bar kaset sun fi ɗari biyu a akwati, akwai wa'azi akwai karatu akwai kiɗan gargajiya, wasu ma shi ya ɗauka da kansa a bukukuwan dangi. Yarana sunce duk ana samu a YouTube in zubar. Ni dai raina bai kwanta ba. Daga wata Hajiya, Marwa.

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Dan Allah kar ki zubar, ki faɗa wa yaran nan in sun isa su nemo miki bikin gwaggonsu a YouTube mu gani.

Amma kuma kar ki bar su a akwatin, kaset tun 1963 kamfanin Philips ya fito dashi, zare ne mai maganaɗisu kuma zafi da shekaru suna cinsa a hankali. Abinda za'ayi shine a samo rediyo mai kaset da har yanzu ke juyawa daidai, a goge kan da zaren ke gogawa da auduga da ɗan alkol na kemis a bari ya bushe, a fara gwadawa da kaset ɗin da ba'a damu dashi ba don in rediyon mai cin zare ne ya ci wancan. Sai a jona waya daga ramin iyafis ɗinsa zuwa kwamfuta, in kwamfutar bata da ramin shigar sauti akwai ɗan ƙaramin katin sauti na USB da ake sayarwa. Manhajar ɗauka kyauta ce, sunanta Audacity. Kar a ƙure ƙara, in layin nan ya riƙa taɓa ja muryar zata fashe kuma bata gyaruwa. A adana a FLAC, daga baya a cire MP3 don turawa dangi a WhatsApp.

Aikin na son haƙuri, kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa cif, ba gaggawa. In ana yin biyu a rana wata uku da 'yan kwanaki an gama. Ki fara da waɗanda Baba ya ɗauka da kansa, sauran ko sun lalace wataƙila a samu a wajen wani. Kuma duk wanda aka gama a rubuta sunansa nan take, bikin wance, gari kaza, shekara kaza, ki zauna kusa da yaron don ke kaɗai kika san muryoyin, shi bazai gane wacece ke guɗa ba. Kwafi uku za'ayi, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a disk a ɗakinki, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa ko wani gari. Kar kuma a kai disk ɗin wajen masu tura waƙa a kasuwa a jona, kwamfutocinsu da yawa na ɗauke da cutar nan mai ɓoye fayil ta bar miki gajerun hanyoyi marasa komai. Kaset ɗin kansu a mayar dasu akwati a ajiye inda rana bata bugu, nesa da bafil saboda maganaɗisun dake cikinsa.

TAMBAYA: Oga ina da tsohuwar laftof da allonta ya tsage, zata iya zama saba? Kuma dole sai da intanet? Daga mai shagon gyaran waya, Kusiri.

AMSA: Maigida ai kai ka riga ka mallaki wadda tafi dacewa da ƙasarmu, don laftof tazo da batirinta, in kuran ya ɗauke bata mutuwa farat ɗaya, in dai batirin na riƙe ko minti ashirin ne ya wadatar a kashe ta cikin mutunci. Intanet kuma ba dole bane. Rauta tana haɗa na'urorin gida da junansu ko babu ko mega ɗaya a layin, mutane da yawa basu san wannan ba suna ɗauka wifi da intanet abu ɗaya ne.

Ka saka mata manhajar saba irin Jellyfin ko Navidrome, duk kyauta ne kuma basa neman ka shiga wani asusu a waje. Plex ma yana da kyau amma shi yafi son ya gaisa da kamfaninsa ta intanet, sai ka gyara saiti kafin ya yarda yayi aiki ranar da rezo ya tafi. A waya manhajar VLC kaɗai ma tana ganin foldar waƙoƙin da ka raba a wifi, in ampili ɗin mai DLNA ne kuma, wato tsarin karɓar waƙa ta wifi na gida, manhajar BubbleUPnP zata tura masa kai tsaye. In da hali ka cire tsohon disk ɗin ka sa SSD, bashi da abin juyawa a ciki don haka yafi jure girgiza da ɗaukewar wuta. Ka haɗa laftof ɗin da rauta ta waya maimakon wifi, ka shiga saiti ka hana ta barci in an rufe murfi, ka ɗora ta kan ƙananan katako biyu iska na wucewa ta ƙasa, lokacin hunturu kuma duk sati biyu ka hure mata ƙura da abin busa da kuke dashi a shago. Rautar ma ka nema mata ƙaramin batiri irin mai volt 12, in ba haka ba wuta na ɗaukewa laftof na kunne amma ba mai iya kaiwa gareta.

Masu tambaya kan sola da batirin da zai ɗauki ampili, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu, amma ku turo min da watt nawa aka rubuta a bayan na'urar don in ba haka ba lissafin bazai yiwu ba.